Wa Zai Faɗa wa Yaya?

Litinin, 3 ga Maris

Shugaban kulob ya kira ni ofis da safe. Ko zama ban gama yi ba ya ce, "Darakta, Mai Hula ya bar inda yake. Je ka duba mana shi, ka dawo da eh ko a'a." Ya koma kan wayarsa.

Mai Hula koci ne da kowa ya sani. Kofi uku a kulob biyu, da jar hular nan da ta koɗe, wadda ko a gaban 'yan jarida ba ya cirewa. Kowa kuma ya san duk inda zai je da mataimakansa yake tafiya, ba ya gadon na kowa. To mu wanda ke riƙon ƙwarya tun da aka kori tsohon koci, Yaya ne. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya koya mini tare ƙwallo da ƙirji a bayan gidanmu. In na ce eh, aikinsa ya tafi. Shugaba ya san haka sarai, shi ya sa ya ɗora mini ya wanke hannunsa.

Laraba, 5 ga Maris

Na wuni kallon tsofaffin wasannin Mai Hula. Gaskiya laifi nake nema. Na samu ɗaya: in ya ci ɗaya sai ya rufe gida ya zauna. Na ce wa matata wasan mutumin nan barci yake sa mutum. Ta ce ai namu hana barci yake yi, in zaɓa. 

Asabar, 8 ga Maris

An ci mu biyu da nema a gida. Kaɗan ya rage mu faɗa rukunin ƙasa, kuma in muka faɗa, Allah kaɗai ya san ranar fitowa.

Yaya tsaye a bakin layi, hannu a baya kamar mai jiran mota. 'Yan wasa suna ƙaunarsa, kuma matsalar ke nan. Ba ya iya zaunar da kowa a benci. Gwiwar kyaftin ta gama aiki, ta gefensa aka zuba mana duka biyun, amma Yaya ya bar shi har usur na ƙarshe don kada ya ji kunya a gaban jama'a. Na ji haushi, na kuma ji tausayinsu su biyun.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban fita ba.

Talata, 11 ga Maris

Na je wurin Dogo, tsohon golan da Mai Hula ya sallama shekarar da suka ci kofin farko. Yanzu shagon kayan wasanni yake da shi. Da gangan na zaɓe shi. Na ce in akwai wanda zai zage mini mutumin nan tas, to shi ne.

Ya kuwa fara daidai. "Mugu ne, ba shi da tausayi ko na sisin kwabo." Na gyara zama. Sai ya ɓata mini lissafi. Ya ce har gidansa Mai Hula ya zo, ya zauna a falo, ya cire hular ya ɗora a gwiwa, ya ce masa hannunsa ya yi sanyi, ba ya cikin shirin baɗi. "Na zage shi har muryata ta dishe, yana zaune yana kallona. Bai tashi ba sai da na gama."

Ashe haka yake yi wa kowa. Duk wanda zai ajiye, ko a benci ne na wasa ɗaya, shi da kansa yake faɗa masa ido da ido kafin kowa ya ji. A nan ne kaɗai ake ganin kansa babu hula. Dogo ya ce sanƙo ne fetal.

Ni da aka sallame ni daga wasa, a rediyon motar haya na ji. Direban har cewa ya yi gara da aka rabu da wannan ɗan bayan, dama ya tsufa. Na ce ƙwarai kuwa, na sauka tun ban kai ba. Ban san me ya dawo mini da wannan yau ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun haɗu da Mai Hula a ɗakin shan shayi na wani otal. Bai kai tsayin da yake da shi a talabijin ba. Ya san 'yan wasanmu ɗaya bayan ɗaya, har wanda ba ya iya juyawa hagu. Ya tambayi filin atisaye, ya tambayi likita, ya tambayi wa ke sa baki a zaɓen 'yan wasa. Na ce babu kowa. Ya yi murmushi.

Na kawo maganar Yaya a kaikaice. Na ce muna da mutum a ciki wanda ya san yaran, zai yi masa amfani. Ya ce, "Na san yayanka ne. Mutumin kirki ne. Amma duk ranar da na ɓata wa ɗan wasa rai, wurinsa zai gudu a lallashe shi. Ba zan riƙe shi ba."

Sai ya ƙara da cewa, "Nawa ni nake faɗa wa. Wannan ba nawa ba ne. Wa zai faɗa masa?"

Na ce ai akwai sakatare, aikinsa ke nan. Ya dube ni kawai, ya ci gaba da juya shayinsa. Raina ya ɓaci sosai. Wa ya tambaye shi?

Juma'a, 14 ga Maris

Mai Hula yana da girman kai. Ba ya daɗewa a wuri. Ba ya ga maciji da 'yan jarida. Duk gaskiya ne, kuma babu ɗaya a ciki da zai jefa mu rukunin ƙasa.

Yaya ya kira da yamma yana tambaya ko an gyara injin yankan ciyawa. Mun yi ta maganar ciyawa kamar ita ce gabanmu. Ya sani. Na san ya sani.

Lahadi, 16 ga Maris

Canjaras a waje, babu ci. A motar dawowa kyaftin ya miƙe ƙafa, Yaya na kusa da shi yana riƙe masa ledar ƙanƙara a gwiwa har muka iso.

Litinin, 17 ga Maris

Na ce wa Shugaba eh.

Ya ce madalla, sakatare zai fitar da sanarwa a shafin kulob da yamma, Yaya zai gani, ni kuma na huta da nauyin. Wallahi na so in yarda, har na ji sanyi a raina. Sai na ji bakina yana cewa a dakata sai gobe da azahar. Ya ce don me? Na ce akwai abin da ban gama ba.

Talata, 18 ga Maris

Na je gidan Yaya da hantsi. Matarsa ta buɗe ƙofa ta ce, "Ƙanin miji, yau kai ne ba a aiko ka ba?" Da ta ga fuskata sai ta daina dariya ta koma ciki.

Na same shi a falo yana ba ƙwallayen atisaye iska da famfon hannu. Na zauna. Ni ba hula nake sawa ba, na rasa yadda zan yi da hannuna, sai na cire agogo na riƙe.

Na ce, "Yaya, Shugaba ya tambaye ni, na ce a ɗauki Mai Hula. Ni na ce, ba wani ba. Kuma ba zai riƙe ka ba."

Ya gama cika ƙwallon da ke hannunsa, ya matsa ta, ya ajiye. Ya ce, "Kai ka ce?" Na ce ni ne.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Ya tuna mini takalmin farko da ya saya mini, ya tuna mini wanda ya kwana da ni a asibiti da na karye. Wasu maganganun na cancanta, wasu ban cancanta ba. Ƙafata ta yi ta son tashi. Na zauna har ya gama.

Bai raka ni ba. Ina bakin ƙofa ya ɗaga murya daga ciki: "Ka ce masa ya ajiye kyaftin. Ni na kasa."

Na daɗe a mota kafin na iya tayar da ita.

Asabar, 22 ga Maris

Wasan Mai Hula na farko. Mun ci ɗaya, ya rufe gida, na kusa yin gyangyaɗi. Kyaftin yana benci, an ce tun Alhamis aka ga jar hula a unguwarsu. Yaya bai zo ba, kuma tun Talata bai ɗauki wayata ba.

Laraba, 26 ga Maris

Akwai mai tausa da kwantiraginsa ya ƙare, ba za mu sabunta ba. Wannan ofishina ya shafa. Sakatare ya ce zai tura masa saƙo. Na ce ya bari, ya kwatanta mini gidan, dama hanyata ce. Ba koyi nake da kowa ba, hanyata ce kusan.

Yaya ya turo saƙo ɗazu, na farko. "An gyara injin ciyawar kuwa?" Na fara rubuta an gyara, na goge. Ba a gyara ba. Gobe in na fito daga gidan mai tausa zan biya in faɗa masa.