Wanda Ya Faɗo daga Tankin Ruwa

Laraba, 6 ga Oktoba, 1926

Shekara uku ke nan da na fara jin maganar a shagon aski: wai a Kalifoniya akwai waɗanda sana'arsu faɗuwa ce. A sa musu rigar jarumin fim su faɗo a madadinsa, kuma ko sun karye mai ɗaukar hoto ba ya tsayawa. Ni da kaka ta rena da tatsuniya a gindin murhu, ai tun ƙarya tana kan wuta nake jin ƙanshinta. Yau Wendell wanzami ya sake ɗauko zancen. Na ce, "Yi askinka, ka kusa raba ni da kunne."

Alhamis, 7 ga Oktoba

Sabon fim ya iso. Mista Kruse mai silima ya haska mini shi da rana ni kaɗai, don in shirya kiɗa. Shekara goma sha ɗaya ina gaban fiyanon nan, tunda hoto ba ya magana. Takardar da ta zo da shi ta ce: wurin tankin ruwa, usur sannan ganga.

Wani mai fenti ne a kan tsani a jikin tankin, akuya ta tunkuyi tsanin. Daga nesa aka ɗauka. Yana faɗowa sai ya kai hannun hagu ya dafe ƙeya, ya naɗe ƙafa ɗaya. Usur ɗin ya faɗi daga bakina. Haka Lyman ɗana yake faɗuwa tun yana ɗan shekara tara, daga rufin rumbu, daga kan doki, ko'ina.

Ya yunƙura sau biyu bai tashi ba. Sai ga fuskar jarumin kusa-kusa, yana kakkaɓe hula, ko ƙwarzane babu.

Lyman ya ce mana kafinta yake yi a can Kalifoniya. Wata biyar babu wasiƙa.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Na aika wa Lyman saƙon gaggawa ta gidan waya, na ce na gan shi a fim. Ban gaya wa matata Hattie ba.

An haska wa jama'a. Na busa usur, na doki ganga, hannu ne ya yi abinsa. Silima kamar za ta tsage. Wurin yunƙurin nan biyu aka fi dariya, har mai gidan waya ya zamo daga kujera. Ana gamawa na fice ta bayan gini.

Asabar, 9 ga Oktoba

Na ce wa Hattie fim ɗin ba daɗi. Ta ce, "Tsoho, tun yaushe ka fara yi mini rowar dariya?" Ta sa hularta ta coci ta biyo ni.

Da aka zo wurin tankin na ɗora hannuwa a cinya. Ba usur, ba ganga. Abin mamaki, ba wanda ya yi dariya. Mutum ɗari biyu suka ga mutum ya faɗo, shi ke nan. Wata mata ta ce, "Wayyo Allah." Kruse ya zo kaina jijiyar wuya a tashe: "Barci kake yi? Na kawo musu dariya ka mai da mini ita jana'iza!"

A hanyar gida, da muka wuce shagon maƙeri, Hattie ta juyo gare ni. Ta ce, "Baban Lyman, kafinta ya ce mana, ko?" Na ce e. Ta ce, "To." Ta riƙe hannun rigata har ƙofa.

Talata, 12 ga Oktoba

Ba amsa daga Lyman. Fim ya wuce garin gaba. Hattie ta gasa burodi har uku, ba mai ci.

Litinin, 18 ga Oktoba

Wasiƙa ta zo, rubutun wata ma'aikaciyar asibiti, maganar tasa. Ƙugu ne ya karye, da kafaɗa. Yana raye. Sun ce zai yi tafiya, da sanda. Hattie ta zauna a ƙasan kicin tana kuka da dariya tare.

Ƙarshen takardar ne na karanta sau huɗu. "Baba, ina fatan da fim ɗin ya zo garinmu ka doki gangar da kyau. Ban taɓa yin faɗuwa mai kyau irin wannan ba. Sun yi dariya?"

Ɗan banza. Ɗan banzan yaro.

Laraba, 20 ga Oktoba

Na amsa masa cewa mai gidan waya ya zamo daga kujera. Ban ambaci Asabar ba.

Na kuma aika 'yar takarda ga matar da ke kiɗa a garin da fim ɗin yake yanzu. Ba wani abu ba ne, shawarar abokin sana'a ce kawai: kada ta doki gangar yana taɓa ƙasa, ta jira sai ya yunƙura na biyu. A nan ya fi ci.

Na je aski. Wendell ya buɗe baki zai fara zancen masu faɗuwar nan, na ce bari, na yarda. Ya tsayar da aska: "Kai? Wa ya gaya maka?" Na ce wanda ya gaya mini na ƙarshe ya fi ka sani. Lyman ne.