Ku Ƙara Zagayawa da Athol

Tullagong, Agusta 1954

Zuwa ga Yaya Noeline,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan naki? Mu nan lafiya ƙalau, alkama ta yi kore shar.

Yaya, zauna tukuna kafin ki karanta. An gayyaci Athol Melbourne! Masu zaɓen 'yan kurket na jiha suna so su gwada shi idan zafi ya shigo. Mijina, wanda kika ce ba abin da ya iya sai bin ƙwallo da cin gurasa! Tun ranar nake shafa wa sandar kurket ɗinsa mai, har ya ce in bar ta haka kada ta sulluɓe masa.

Sai dai akwai gwiwar nan tasa mai ciwo. Likita ya ce in ya sake buga ƙwallon ƙafar nan tamu, wadda ake cafkewa da hannu, a sanyin bana, to ya manta da kurket. Ga shi kuma mun kai wasan ƙarshe, da mutanen Kooloora, waɗanda tun ina budurwa suke lallasa mu. Na sa ya yi mini alkawari ba zai buga ba, na kuma ɓoye takalman ƙwallonsa. Amma kocin, mai bakin zaƙin nan, ya sa sunansa cikin 'yan ko-ta-kwana, wai don jama'a su ga sunan kawai. Kin san ni, ba na wasa. Ƙafarsa ba za ta taka filin nan ba.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Merle

Tullagong, Satumba 1954

Yayata Noeline,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki sani muryata ta dushe saboda ihu. Mun ci! Yaya, mun ci Kooloora!

Duk garin ya jera motoci kewaye da fili, mu ma muna cikin tamu, ni da Athol. Kafin hutun rabin lokaci sun yi mana fintinkau, an kuma fito da ɗan wasanmu ɗaya da karyayyen hannu. Athol ya riƙe sitiyari kamar zai karya shi. Sai ga wata 'yar Kooloora ta leƙo tagarmu, wai, "A'a, Athol Pengilly ne a mota? Uwargida ta hana ke nan?" Ban san lokacin da na jawo takalman daga ƙarƙashin kujera ba. E, ni na taho da su, kada ki tambaye ni dalili. Na ce masa, "Tashi ka rufe mini bakin matar nan."

Da kin gan shi! Ana dab da tashi, suna gabanmu da kaɗan, ya taka kafaɗar wani dogon ɗan wasansu ya cafke ƙwallo a sama. Na ga yadda ya sauko a kan gwiwar nan. Jiniyar tashi ta yi kuka, saura kawai bugun da cafkewar nan ta ba shi. Ya ja da baya yana ɗingishi, ya narka ta tsakanin dogayen turakun. Motoci suka ɗauki oda gaba ɗaya, ni kuma na rungume matar limamin coci, wadda ba ma ko gaisawa.

Nan take suka ɗaga shi a kafaɗa, suka zagaya fili da shi. Da suka iso inda nake za su sauke shi, ya sunkuyo yana dariya, gumi na zuba, ya raɗa mini, "Merle, kada ki bari su sauke ni a gaban mutane. Ƙafar ba ta takuwa."

Sai na buɗe murya na ce, "Zagaye ɗaya tak? Ku ƙara zagayawa da shi, ku kai shi har mota!" Aka yi ta shewa. Har yanzu gari na yi mini tsiya, wai ban ƙoshi da alfahari da miji ba.

Likita ya naɗe ƙafar, bai ko kalle ni ba. Athol yana kwance, sai murmushi yake, yana ba duk wanda ya shigo labarin bugun nan. Bai ambaci Melbourne ba, ni ma haka. Ina murna, Yaya, wallahi ina murna, amma sandar nan tana bayan ƙofa tana ƙyalli, kuma na kasa ɗauke ta daga wurin.

Ki zo in kin samu hali.

Taki har kullum,
Merle