Mayafin da Kika Saƙa wa Ampli

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta wajaba a kan ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Makon jiya aka yi sadakar arba'in ɗinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma ba za ki yarda in zauna gabanki in karanta miki ba, domin ni ɗan fari ne, tsakanina da ke sai gaisuwa da sunkuyar da kai. Amma akwai maganar da na riƙe, ta kuwa ƙi kwanciya.

Ampli ɗinki ya dawo gida, kuma yana aiki.

Kin san dalilin sayensa. Kunnenki ya yi nauyi, autanki Sanusi kuma yana Legas wajen cin rani, ba ya samun ki sai ta saƙon murya. Idan aka kara miki salula a kunne, sai ki ce kamar sauro ne ke kuka cikin tulu. Shi ya sa na tafi Damagaram na sayo na'urar nan mai lasifika biyar, irin wadda masu hali ke kallon fim da ita. Mai kantin ya ba ni takardar garanti ta shekara guda, da hatimi, ya nuna mini wata ƴar takarda manne a bayan ampli ɗin, ya ce muddin ba a yaga ta ba, gyara nasu ne.

Ranar da aka haɗa shi, muryar Sanusi ta cika ɗakinki, kika waiga wajen ƙofa kina zaton shi ne ya shigo. Ba ki gode mini ba, ban kuma sa rai ba. Uwa ba ta yabon ɗan fari a gaban idonsa. Abin da kika yi shi ne kika ɗauki kwarashi da zare, mako uku kina saƙa da idon da ya riga ya gaji, kika yi masa mayafi ja da kore, kika lulluɓe shi ruf kamar yadda kike lulluɓe kwanonin jerenki. Na gane saƙon. Godiyarki ke nan.

Na kuma gane wani abu dabam, Inna. Na karanta littafin na'urar tun ranar farko, da faransancin da kika sayar da akuyoyinki na koyo. An rubuta ƙarara cewa kada a rufe ramukan da zafi ke fita. Sau uku ina tsayawa bakin ƙofarki da nufin in faɗa miki, sau uku ina gaishe ki in juya. Yaya zan ce miki ki cire abu ɗaya tak da kika taɓa yi domina a fili?

Da bazara ta tsananta, ampli ɗin ya mutu.

Malam Idi mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Matamaye ya ce in kawo ya duba. Na ƙi. Na yi masa bayanin garanti kamar ina gaban ɗalibai, na ce hannu bai kamata ya taɓa ƴar takardar nan ba. Ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Na ɗauki ampli na mayar Damagaram.

Daga nan ne fushina yake farawa, kuma zan faɗe shi a tsanake domin kada in ƙara ko in rage. Zuwan farko, mai kantin ya ce sai an kai shi Kano inda masu gyaran kamfanin suke, ga shi kuwa tun da sojoji suka karɓi mulki iyaka a rufe take. Zuwa na biyu ya ce ana jiran wani direba mai bi ta daji. Na uku ya ce babu kuran, wato wutar lantarki, da za a gwada shi. Kowane zuwa da shayi, da tambayar lafiyar Hajiya, da rakiya har bakin titi. Wata huɗu ina hawa mota ina sauka, ina wuce gonakin da hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ina dawowa hannu wofi.

Ke kuwa ba ki taɓa tambayata ba. Sanusi bai dawo noma ba, domin babu hanya kuma babu damina da za a dawo mata. Saƙonninsa suna shigowa, matata Hadiza tana saurare, tana maimaita miki da ƙarfi a kunne. Kina gyaɗa kai, ki ce: “Maganarsa ce, amma ba muryarsa ba ce.” Mayafin yana ninke a kan teburin da babu komai a kansa sai shi.

Bayan rasuwarki na koma, ba don ina bukatar na'urar ba, sai don in ga ƙarshen zancen. A ranar ne mai kantin ya jawo ampli daga ƙarƙashin kanta, inda yake ajiye tun farko. Bai taɓa barin Damagaram ba. A jikinsa akwai takardar mai duba musu kaya, an rubuta cewa zafi ne ya ƙona shi, an sami zaren saƙa a ramukansa, garanti bai shafi wannan ba. Kwanan watan da ke kan takardar na makon farko ne da na kai shi. Na tambaye shi dalilin da ya hana shi gaya mini. Ya ce ya ji nauyina ne, mutum mai ilimi kamata, bai so ya ce mini a'a.

Ya ji nauyina, Inna. Wata huɗu na ƙarshen ranki ya tafi a kan jin nauyi. Na so in ɗaga murya a kantin nan har kasuwa ta taru. Ban ɗaga ba, domin ina buɗe baki na tuna wani mutum da ya tsaya bakin ƙofarki sau uku ya juya. Ban yafe wa mai kantin ba, kuma ba na jin zan yafe masa nan kusa. Wancan mutumin na bakin ƙofa ma haka.

Da na kai masa shi, Malam Idi ya yaga ƴar takardar da farcensa, ya canza wani abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Tsakanin azahar da la'asar ya gama. Ya miƙo mini shi, ya ci gaba da aikinsa.

Jiya na haɗa shi a ɗakinki, na sa saƙonnin Sanusi ɗaya bayan ɗaya. Yana ba ki labarin tsadar shinkafa, yana tsokanarki kan goron da likita ya hana ki. A kowane saƙo sai ya tsaya ya ce: “Inna, kina ji na kuwa?” Da shi za ki yi dariya ki zage shi. Ni ban taɓa samun wannan ba, ban kuma taɓa jin haushi ba, domin na san nawa rabon a zare kika saƙa shi.

Mayafin ban jefar ba. Na shimfiɗa shi a kan teburin, na ɗora ampli a bisansa. Da haka na ce miki tun farko, “Inna, shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa,” kalma biyar sun isa.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya jiyar da ke abin da ya fi muryar ƴaƴanki daɗi. Ni kuma Ya ba ni bakin faɗin abin da ya kamata tun mai ji yana nan. Amin.

Naki,
ɗan farinki, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.