Jimlar da Ban Fassara wa Ƙanin Matata ba

Assalamu alaikum. Admin, a ɓoye sunana. 'Yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara.

Ranar Asabar ce, mako biyu bayan ƙaramar sallah, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a wani wurin wasan harbi mai lasisi nan Dubai. Mu uku ne a layin: ni, da ƙanin matata wanda zan kira shi Sabo, da mai koyarwa, wani ɗan Filifin.

Shekara tara na yi ina fassara labarai ina karantawa a gidan rediyo kafin in koma aikin kago, wato jigilar kaya, a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Abu na farko da aka koya mana shi ne tafinta ba ya ragi ba ya ƙari. Na faɗi wannan ne don ku gane ba rashin sani ne ya sa ni ba.

Sabo maɗinki ne, aikin hannu yake yi a wuyan babbar riga, 'ya'yansa uku. Ya zo sarin zare da yadi, ya sauka a wurinmu. Tun daga filin jirgi ya dame ni cewa yana son sayen ƙaramar bindiga ya tafi da ita gida, saboda hanyar gonarsu ta lalace. Na gaya masa ya cire wannan a ransa, nan ba a sayar wa baƙo bindiga, wanda ya nemi ta bayan fage kuma gidan yari zai kwana. Ya ce to ko riƙewa ce in kai shi ya riƙe. Tsakanina da shi akwai wasa irin na miji da ƙanin mata, sai dai Sabo ba ya sanin inda ake tsayawa. A mota ya yi ta cewa, "Yallaɓai mai labarai, ku baki ne kawai. Mu da muka tashi da bindigar toka a farauta, yau za ka ga maza." Na yi dariya, amma maganar ta zauna min.

Sabo ba ya jin Turanci, don haka ni ne tafinta. Mai koyarwar ya ajiye kwali biyu na harsashi, ya yi bayani dalla-dalla. Girmansu ɗaya, bindiga ɗaya suke shiga. Na farko shi ne na yau da kullum. Na biyu, mai alamar +P a jikin kwalin, matsin da yake bayarwa a cikin bindiga ya fi ƙarfi, saboda haka ya fi gudu, ya fi ƙara, ya fi dukan hannun mai harbi, kuma ba kowace bindiga aka ƙera ta jure shi ba. Duk wannan na fassara daidai. Sai ya ƙara jimla ɗaya: sabon hannu, ko wanda ya taɓa samun rauni a tsintsiyar hannu, ya tsaya a na farko. Ya tambaya ko akwai irin haka.

Na san akwai. Sabo ya taɓa karyewa a hannun dama da ya faɗo daga babur, ɗorin gargajiya aka yi masa, ni na kai matata ta duba shi. Amma abin da na ce masa da Hausa shi ne, "Ya ce wannan na maza ne, wancan na masu koyo." Na juya na ce wa mai koyarwar babu matsala. Sabo ya ce, "Yauwa, ba ni na mazan."

A harbi na uku na ga ya yamutsa fuska ya girgiza hannun. Mai koyarwar ya tambaya ko lafiya, ni kuma, da waya a hannuna ina ɗaukar bidiyo, na ce, "Mafarauci, har ka gaji?" Ya ƙarasa goma cif. Washegari hannun ya kumbura, cokali ma ya gagare shi. A asibiti aka yi hoton ƙashi, likita ya ce tsohuwar karayar dama ba ta haɗu sosai ba, yanzu ta sake buɗewa. Aka sa filasta.

Abin da ya fi damuna, babu wanda ya zarge ni. Matata ta yi wa Sabo faɗa sosai, ta ce taurin kansa ne, magidanci da shi yana wasa da hannun da yake ci da iyali. Ya amsa laifin, ya ba ta haƙuri, ni ma ya ba ni haƙuri wai ya ɓata min hutu. Surukata ta kira daga Kano ta yi ta sa min albarka saboda na kai shi asibiti. Ina zaune ina amsa amin. Bidiyon yana nan a wayata, muryar mai koyarwar ta fito sarai, duk mai jin Turanci zai ji abin da ya faɗa da abin da na mayar. Matata kuwa tana jin Turanci. Sau biyu ta ce in nuna mata, na ce na goge.

Na yi istigfari, amma na san hakkin mutum sai shi ya yafe. In na faɗa wa Sabo, ina tsoron ba zai ƙara kallona yadda yake kallona ba, kuma maganar za ta kai ga uwarsu. In na yi shiru, zai ci gaba da zagin kansa a kan abin da ni na yi masa. Shin in kira shi shi kaɗai in gaya masa, in roƙe shi ya rufa min asiri? Ko matata ya kamata ta fara ji, tunda ita ma na yi mata ƙarya? Ko in jira ya warke tukuna? Masu ilimi a cikinku su gaya min, taimakon da zan yi masa a ɓoye zai sauke min wannan nauyi, ko dole sai na furta?

Sabo ya koma gida mako biyar da suka wuce. Da safiyar yau aka cire filastar. Yatsu uku suna motsi, babban yatsa da manuni, waɗanda yake riƙe allura da su, ba sa haɗuwa tukuna.