Wa Zai Karanta Hannun Umma?

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Ya aiki?

Jami'o'i biyu sun ɗauke ni karatun lissafi, ƙarshen wata kuma za a rufe rajista. Ta garinmu na je na gani da idona: aji ɗaya, allo a tsage, malami ɗaya tal, shi ma ritaya yake jira. Da bakinsa ya ce in har lissafi nake so, in tafi ta nesa.

To in bar Umma a hannun wa? Tun da ɓarin jikinta ya shanye magana ta ɗauke, ni kaɗai nake gane alamunta. In ta murza yatsa ruwa take so, in ta dafa kunne a kashe rediyo. Goggo da ke zaune da mu kuwa, ko me Umma ta nuna, bargo take ƙara mata.

Ka rufa min asiri ka zo ka koya, ko na wata ɗaya ne. Wallahi na rasa inda zan sa kaina.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin yaran da sauƙi.

Ka ce aiki ba zai bar ka ba, na ji. Na haƙura, na gaya wa Umma ta garinmu zan shiga, har da murmushina. Tun ranar ta juya min baya. In na kawo ruwa sai ta datse baki, sai Goggo kaɗai take kallo. Ga karatu na saki, ga uwa ta ƙi ni. Me na yi mata, Yaya?

Auta

Yaya,

Ina gaishe ku duka, Allah ya sa kuna lafiya.

Jiya na dawo daga kasuwa da wuri, na tsaya a bakin ƙofa. Umma na murza yatsa a gaban Goggo, tana nuna kofi, gumi na zubo mata. Goggo ta miƙa bargo, Umma ta ture. Ta sake murzawa, ta sake, har Goggo ta ɗauko kofin. Ashe koya mata take yi. A nan na durƙushe ina kuka.

Yau na zaɓi ta nesa. Tsoro bai sake ni ba, amma da na gaya wa Umma sai ta dube ni, ta murza yatsa. Na ba ta ruwan, ta sha.

Ƙanwarka,
Auta