Na Ciro Safayar, Yaya

Zuwa ga yayana Bulus, direban babbar mota, wanda ya riga mu tafiya.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci ƙane ga wansa, ina fata kana cikin hutun da Ubangiji ya yi wa bayinsa alkawari. Mu muna nan Samaru, a gidan Hayin Dogo da ka sani. Ba abin da ya ƙaru sai tsufa.

Na rubuto ne in faɗa maka laifina da bakina. Jiya na sa an ciro safayar taya daga jif ɗina, an dasa batir na biyu a raminta. Ranar Asabar zan ɗauki matata Laraba mu kama hanyar garinmu da taya huɗu rak. Na san abin da za ka ce, shi ya sa tun safe nake zagaya motar, in zauna, in tashi, in sake leƙa but ɗin bayanta kamar wani abu zai canja.

Ba ka ga yadda matata ta koma ba. Ka bar ta tana dafa wa ɗalibai shinkafa a bakin titi, tana yi maka tsiya kan yawan yajin da kake zubawa. Hayaƙin itacen nan na shekara da shekaru ya cinye mata huhu. Yanzu da inji take numfashi, wani ɗan akwati mai gurnani da ke tace iska ya tura mata ta siririn roba zuwa hanci. Muddin yana da wuta, tana hira, har dariya take yi. In ya tsaya, kafin ka gama addu'ar Ubangiji leɓɓanta sun fara sauya launi.

Watan jiya ta ce in kai ta gida, can bayan Kaciya, bikin godiyar kaka. Na ce mata likita ba zai so ba. Ba ta yi gardama ba. Cewa kawai ta yi: "Baban Rahila, gida dai za a kai ni, ko na so ko na ƙi. Ina so in je idona a buɗe, in ga dutsenmu da kaina."

Ka san abin da take nufi. Mu mutanen kudu duk daɗewarmu a Zariya, a kwance ake mayar da mu. Ni na tuƙa jif ɗin nan a bayan motar da ta ɗauke ka, ina kallon murfin bayanta tun daga Kwangila har ƙofar coci.

Na taɓa gwada jona injin da batirin mota ranar da muka je ganin likita a Shika. Muna tafiya lafiya lau. Da muka tsaya jira na kashe mota, injin ya tsotse batirin ƙaf. Motar ta ƙi tashi, injin ma ya yi shiru, sai da muka dogara da ƙaramar tukunyar iskar da muke ajiyewa don ɓacin rana, wadda ba za ta kai mu ko rabin hanyar garinmu ba. Ka ga ke nan sai da batir na daban, babba, wanda zai riƙe injin ko mota na tsaye.

To, a ina za a sa shi? An kwantar da kujerar baya don katifarta. Gefe ga kekenta na marasa lafiya, ga injin, ga tukunyar, ga Rahila 'yarmu da za ta zauna kusa da kanta. Saman motar ya yi tsatsa, ba ya ɗaukar kaya. Na zana motar a takarda sau uku, da ma'auni da lissafi, kamar mai shirin shiga aji.

Ka tuna, shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da ilimin lantarki. Kai ka kai ni makaranta a gaban tirelarka, akwatina a kan cinyata, kana gaya wa kowa a tasha cewa ƙanenka zai haska ƙasar nan. Ga ni yau. Ɗalibaina sun zama manya a Abuja, suna wucewa ta Samaru da jiniya, gidan malaminsu kuwa sai ya kwana uku ba wuta. Da takarduna na rungumi kunya na tafi Sabon Gari wurin rewaya, mai gyaran wutar mota.

Emeka sunansa, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta jikokina. Farfesa yake kirana, ni da ban taɓa kai matsayin ba, kuma ban san ko girmamawa ce ko tsokana ba. Ya kalli zanena ya juya shi sama da ƙasa, ya miƙo mini. Ya ɗaga shimfiɗar but, ya ƙwanƙwasa safayar da sukundireba, ya ce: "Farfesa, wuri ɗaya ne a motar nan, kuma wannan baƙar ce ke kwance a ciki. Ko ita ko numfashin Mama. Ka je ka yi tunani, ni ba na gudu."

Mako biyu ina tunanin. Kullum muryarka nake ji. "Ɗan boko, duba safaya kafin ka duba mai." Ka faɗa mini ranar da na sayi motata ta farko, ka faɗa ranar aurena, har a gadon asibiti ka tambaye ni ko na sa mata iska. Kuma ka san hanyar nan ta fi ta zamaninka lalacewa. Akwai ramukan da in taya ta faɗa, sai dai a yi mata addu'a. Daga wani ƙauye zuwa wani ba mai faci, waya ma ba ta kamawa.

Amma bari in faɗa maka gaskiyar da ban faɗa wa Laraba ba. Ba ramukan ne suka hana ni sukuni ba. Mutane ne. Safayar nan ita ce ta sa ban taɓa tsayawa a bakin hanya ina ɗaga wa kowa hannu ba. Tun da na bar aiki na daina neman komai wurin kowa. Na daina zuwa taron tsofaffin malamai, na daina amsa gayyata, a coci ma kujerar baya nake zama in fita kafin a fara gaishe-gaishe. Na ga abin da mutane suke yi wa wanda amfaninsa ya ƙare, na ce ba za su sake ganin tafin hannuna ba. Mota mai taya biyar ba ta roƙon kowa, kuma haka nake so.

Shekaranjiya da hantsi na ce bari in gwada kaina. Na fito da jak da abin kwance noti a tsakar gida, don in ga minti nawa canjin taya zai ɗauke ni. Na ɗora ƙarfen a noti na farko, na danna. Ko motsi. Na sa hannu biyu. Na hau da ƙafa kamar yadda ka koya mini, gwiwata ta ƙi, na zame na zauna a ƙasa, tabarau a gefe guda, ni a gefe guda. Yatsun nan da suka riƙe alli shekara talatin sun kumbura, ko murfin kwalba yanzu Rahila ke buɗe mini.

Ashe Laraba na kallona ta taga, robar a hancinta. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ta lafa ta ce: "Malam, ko tayar na nan, wa zai kwance maka? Mutum dai za ka jira. To, bar ni in jira ina numfashi."

Na daɗe zaune a ƙasan nan, Yaya. Duk lissafina na mako biyu, ban saka kaina a ciki ba.

A nan ne na tuna rabin maganarka da na zubar. Kai ba safaya kaɗai kake ɗauka ba, har da adda a ƙarƙashin kujera. Ina hutun makaranta na bi ka wata tafiya, tayoyi biyu suka fashe mana lokaci guda a dajin da ba gida ko ɗaya. Ba ka damu ba. Ka shiga ciyawa ka sassaro ganye, ka jera a kan kwalta gaba da baya, ka zauna a inuwa kana ɓare gyaɗa. Na tambaye ka yanzu sai yaya. Ka ce: "Ganyen nan magana ce. Duk direban da ya san hanya zai karanta." Ba a jima ba wani Bakano mai ɗaukar shanu ya tsaya, bai san sunanka ba, ya ba mu tayarsa ya bi mu a hankali har gari.

Na riƙe zancen safaya saboda ya dace da halina. Zancen ganye na bar shi a dajin.

Ban sani ba ko har yanzu ana tsayawa. Yau mutum ya ga ganye a hanya sai ya ƙara wuta, yana tsoron tarko ne, kuma ba zan ga laifinsa ba. Masu karanta wannan wasiƙa a shafina na intanet, na san wasunku sun fara rubuta mini shawara, wani zai ce haya, wani zai ce a haƙura da tafiyar. Na gode. Ba ku ga idonta ba ranar da ta ambaci dutsen.

Emeka ya gama aikin jiya da la'asar. Ya ɗaure batirin da ƙarfe, ya ja waya, ya kashe mota ya kunna injin da na taho da shi bayan na bar Laraba da tukunyar iska, muka tsaya muna sauraron gurnaninsa a tsakiyar hayaniyar Sabon Gari. Ya duba tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya sa mai faci ya sassauta notocin ya sake ɗaure su daidai ƙarfin hannun mutum. Safayar kuwa ya gangara da ita bayan shagonsa ya jingine. Ya ce: "Tana nan tana jiranka, Farfesa. Kai da Mama za ku zo ku ɗauka."

A hanyar dawowa na tsaya kasuwa na sayi adda. Tana ƙarƙashin kujerata yanzu, inda kake ajiye taka. Ɗazu da ba kowa a tsakar gida na tsaya gefen motar na ɗaga hannu sama, ina gwada yadda ake tsayar da mota. Ya yi mini nauyi fiye da ƙarfen notin.

Ka yafe mini, Yaya. Ban bi maganarka ta farko ba, zan gwada ta biyun.

Ubangiji ya riƙe tayoyin nan huɗu har gindin dutsenmu. In kuwa ɗaya ta fashe, ya sa batirin ya riƙe numfashin Laraba, ya ba ni ƙarfin ɗaga hannu, ya kuma aiko mana da direba irinka, wanda bai manta karatun ganye ba. Cikin sunan Yesu, amin.

In mun isa, zan kai ta kabarinka ta yi maka tsiyar yaji da bakinta.

Ni ne ƙanenka, ɗan bokonka,
Ishaya