Tambaya Ɗaya Likita Ya Yi, Maigidana Ya Ƙi Komawa Asibiti

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure, kuma ba maganar da zan kai wa dangi ba ce, don daga can ta taso.

Maigidana direban motar 'yan makaranta ne. Kwanakin baya ya dawo daga sauke yara, ya ci abinci, ko hannu bai wanke ba ciwo ya turnuƙe shi a saman ciki, yana sukarsa har gadon baya. Ya yi ta amai, zufa kamar an watsa masa ruwa. Mutumin da ko haƙori aka cire masa bai ce uffan ba, sai ga shi durƙushe ya rungume ƙafar kujera. Na kira yayansa muka kai shi asibiti.

Likita ya ce wata 'yar tsoka ce a bayan tumbi, fankiriyas, mai taimaka wa narkar da abinci, ita ce ta kumbura. Cikin tambayoyinsa sai ya ce, “Kana shan giya?” A gaban Yaya fa. Maigidana ya ce bai taɓa ba. Daga baya hoton ciki ya nuna tsakuwa ce a matsarmama ta toshe hanya. Ya yi kwanaki ana masa ƙarin ruwa, aka sallame shi, aka ce ya dawo a cire matsarmamar.

To Yaya ya je ya duba a wayarsa, ya ga an ce giya na kawo ciwon. Maganar tsakuwa ko ta kunnensa ba ta bi ba. Ya gaya wa matarsa, ita kuwa bakinta ba ya da ƙofa. Yanzu surukata in ta zo sai ta zaunar da ɗanta ta yi ta nasiha a kaikaice. Ran nan wata uwa ta tsaya a bakin mota tana tambayarsa wai ko lafiya idonsa ya yi ja. Anti, in wannan zance ya kai kunnen shugaban makaranta, wa zai bar masa yara? Kuma ba zan ɓoye miki ba, ni kaina na shinshina rigarsa kafin in jiƙa ta. Ban ji komai ba sai warin man mota, na zauna na yi kuka.

Shi kuma ya yi rantsuwa ba zai sake taka asibitin ba, wai can aka zubar masa da mutunci. Na rage mai a girki, ya ce na mayar da shi majinyaci. Ina tsintar takarda mai maiƙo a ƙarƙashin kujerar direba, soyayyen nama yake saye a hanya don a ga ya warke. Jiya na gan shi ya dafe ciki, da muka haɗa ido ya ce ƙaiƙayi ne. Tsorona kada ciwon ya tashi yana riƙe da sitiyari, yaran mutane cike a bayansa. Ya zan yi?

Taki, Matar direba.

Matar direba, sannu. Na ji nauyin da kike ɗauke da shi.

Mu fara da tambayar. Duk wanda ya zo da wannan ciwo sai an yi masa ita, ko waye shi, domin giya da tsakuwar matsarmama su ne manyan sanadinsa. Likita bai zargi mijinki ba, aikinsa ya yi, ko da yake da ya keɓe shi tukuna da ya fi. Mijinki yana da gaskiya da ya ji zafi, mutunci madara ne. Amma fushin nasa jikinsa yake yi wa illa, ba likita ba. Muddin tsakuwar na nan, ciwon na iya dawowa, kuma ba dole ya zo da sauƙin na farko ba. Mutane da yawa an cire musu matsarmama suna harkokinsu lafiya. In asibitin ne ba ya so, ai akwai wani, ku tafi da takardunsa.

Kada ki tare shi da faɗa. Ki samu lokacin da ransa ke sanyi, ki fara da cewa kin yarda da shi, don ina zaton wannan kalmar ce bai ji daga bakin kowa ba. Sannan ki gaya masa tsoronki game da yaran da yake ɗauka. Direban kirki ba ya hawa titi da birki mai matsala. In ya amince, ku gayyaci Yaya ranar komawa, ya ji bayani daga bakin likita. Shi ya ƙulla, shi zai kwance wa matarsa da mahaifiyarsu. Shugaban makaranta kuwa, gara mijinki ya je da ƙafarsa ya nemi hutun tiyata kafin tsegumi ya riga shi.

A kicin, kada ki ware masa kwano. Kowa ya ci iri ɗaya: dafaffe ko gasasshe, kifi, kaza ba fata, ganye, mai kaɗan. Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, ya yawaita shan ruwa. Ki zuba masa abin tafiya mai daɗi, mai ƙoshi ba ya tsayawa wurin mai suya. Ban da taba, ban da jiƙe-jiƙe ko ƙwayar da likita bai rubuta ba.

Dafe cikin nan na jiya kada ki raina shi, a duba shi cikin makon nan. In kuwa ciwo mai tsanani ya zo, ko amai, ko zazzaɓi, ko idonsa ya yi rawaya, ya ajiye mukulli, ku nufi asibiti nan take.

Bakin mutane zai gaji ya koma kan wani. Ke mijinki kike so ya rage miki. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.